Shirun wa ake ƙirgawa? Yadda wata manhajar 'yan sa-kai ta yi fama da tsofaffin rahotannin matsala

Manhajar da wannan nazari ya shafa ƙarama ce, aikinta ajiye kwafin fayiloli. Mutum zai nuna mata foldojin da yake tsoron rasawa, ita kuma ta riƙa kwafe su zuwa wani faifai ko wata saba (kwamfutar da ke ajiye bayanai daga nesa), ranar da kwamfutarsa ta mutu ya dawo da kayansa. Buɗaɗɗen tushe ce, wato kowa na iya karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya raba wa wasu. Babu kamfanin da ke biyan kowa albashi a kanta. Ba za a ambaci sunanta ko na masu kula da ita ba. Watannin da ke cikin kanun sassa an ƙirga su ne daga ranar da aka kunna na'urar rufe rahotanni.

## Yadda tulin ya taru

Mutum uku ne ke da ikon shigar da gyara cikin manhajar. Jagorarsu ita ce ta fara rubuta ta don amfanin kanta, tana da wani aikin da take ci da shi da rana, kuma abin da take iya ware wa manhajar bai wuce awa 6 a mako ba. Na biyu ya fi su zafin nama, shi ke fitar da sababbin sigogi. Na uku ba ya yawan rubuta gyara, amma shi ya fi kowa karanta abin da masu amfani ke turowa.

Ana karɓar rahotannin matsala a shafin manhajar na GitHub, dandalin intanet da masu rubuta manhajoji ke ajiye aikinsu. A shekara ta bakwai da fara aikin, rahotannin da ke buɗe sun kai kusan 640. Ba duka ne matsalolin gaske ba. Akwai masu roƙon a ƙara wani sabon abu, akwai masu tambayar yadda ake saita wani ɓangare, akwai wanda ya rubuta layi ɗaya cewa ba ta aiki ya yi gaba, akwai rahotanni a kan sigogin da aka daina amfani da su shekara uku da suka wuce. A tsakiyar wannan tarkace kuma akwai kurakurai na gaske, wasu an rubuta su da kyau har da matakan da za a bi a ga matsalar da ido.

Tulin yana cutarwa ta hanyoyin da na waje ba ya gani. Adadin yana rataye a saman shafin, duk wanda ya zo duba ko manhajar na da rai shi zai fara cin karo da shi. Sabon ɗan sa-kai da ke neman abin da zai taimaka da shi ba ya sanin inda zai sa hannu. Mafi nauyi shi ne abin da yake yi wa mai kula. Lasisin manhajar, na MIT, ya faɗa ƙarara cewa ana ba da ita ne yadda take, babu wani garanti. Amma takarda daban, zuciya daban. Jagorar tana jin kowane rahoto buɗaɗɗe kamar bashi ne a wuyanta, har ta kai ta kashe sanarwar shafin gaba ɗaya, tana yin mako biyu ba ta leƙa ba.

## Ƙoƙarin farko: shara da hannu

Sun fara da abin da kowa zai fara da shi. Suka ware ƙarshen mako biyu, su ukun, suna bin rahotanni daga mafi tsufa. Sun rufe kimanin 70. A cikin wannan watan sababbi kusan 45 suka shigo.

Lissafin ne ya karya musu gwiwa. Kafin ka yanke hukunci a kan tsohon rahoto sai ka karanta shi, ka karanta sharhin da ke ƙarƙashinsa, sau da yawa ka gwada a sabuwar siga. Ko an ce minti 15 kowanne, 640 sun tashi awa 160. Ga mai awa 6 a mako, rabin shekara ke nan ba tare da ta rubuta layi ɗaya na gyara ba. Ba a yi zama na uku ba.

## Gardamar kafin a kunna bot

Na biyu ne ya kawo shawarar a sa bot, wato ƙaramin shiri mai aiki da kansa, ya riƙa rufe duk rahoton da ya daɗe babu motsi. Ba sabon abu ya ƙirƙiro ba. Tun 2017 akwai Probot Stale, daga baya kuma GitHub ta samar da actions/stale mai yin aiki iri ɗaya. Ya kafa hujja da Kubernetes, manhajar da manyan kamfanoni ke zuba wa ma'aikata: can ma rahoton da ya yi kwana 90 shiru ana buga masa tambarin ya tsufa, bayan wasu kwana 30 a ce ya ruɓe, bayan wasu 30 a rufe. Idan masu ɗaruruwan hannaye sun ga ba za su iya ba sai da wannan, ina ga mutum uku? Ya ƙara da cewa barin rahoto a buɗe alkawari ne a fakaice, kuma alkawarin da ka san ba za ka cika ba gara ka janye shi.

Na uku bai yarda ba. A ganinsa kuskure ba ya warkewa don an daina magana a kansa. Ya tuna musu ƙorafin da wani mai rubuta manhaja, Jamie Zawinski, ya rubuta a 2003, bayan an rufe rahotannin da ya kai wa GNOME, wata manhajar buɗaɗɗen tushe, ba don an gyara su ba, sai don an sake rubuta ɓangaren da suka shafa. Ya kuma kawo labarin wani kuskure a Firefox, na ɗan akwatin bayani da ke maƙalewa a kan allo bayan an koma wata manhaja: an kai rahotonsa a 2002, aka gyara shi a 2023, kuma wanda ya gyara ɗalibi ne da bai taɓa ba Firefox gudummawa ba kafin nan. Rahoton ya zauna shekara 21 a buɗe yana jiran mai zuwa.

Na biyu ya amsa da cewa wannan labari ɗaya ne cikin dubbai, kuma ana ba da shi ne daidai saboda ba ya yawan faruwa. Jagorar ta saurari duka biyun, amma gajiya ce ta yanke hukunci. Aka kunna actions/stale ba tare da an taɓa saitin wa'adinsa na asali ba: kwana 60 babu motsi, ya buga tambari ya bar saƙon gargaɗi, ƙarin kwana 7 babu motsi, ya rufe. Duk wani sabon sharhi yana cire tambarin ya mayar da agogon farko. Wani abu da babu wanda ya lura da shi a ranar shi ne, wannan saitin yana hawa kan faci, wato gyaran rubutun manhajar da mutane ke turowa don a shigar, ba rahotanni kaɗai ba.

## Wata na 1 da na 2: adadi ya sauka

Bot ɗin yana da iyakar ayyukan da zai yi a kowane zagaye, 30 a saitin asali, don kada ya wuce ƙa'idar GitHub. Saboda haka rufewar ba ta zo a rana ɗaya ba, ta riƙa ɗiga kullum har makonni. A ƙarshen wata na 2 rahotannin da ke buɗe sun koma kusan 170.

Sauƙin da aka samu na gaske ne, bai kamata a rage masa daraja ba. Jagorar ta sake kunna sanarwa. Sigar da ta maƙale wata biyar ta fita. Wani sabon ɗan sa-kai ya ɗauki ƙananan matsaloli biyu ya gyara, ya ce ya iya gano su ne domin jerin ya zama abin da ido zai iya bi. An samu 'yan ƙorafe-ƙorafe, amma ba su fi ƙarfin a share su ba.

## Wata na 3 zuwa na 5: mutane sun gane dabarar

Masu amfani ba su daɗe ba suka fahimci yadda agogon ke tafiya. Da zarar tambari ya sauka, sai wani ya rubuta cewa har yanzu matsalar na nan, ko ya sa alamar ƙari kawai. Agogo ya koma farko, bayan kwana 60 a sake. Akwai rahoton da sharhohin ƙarshe a cikinsa duk musayar bot ce da mutum ɗaya, babu sabon bayani ko guda. Kowane irin wannan sharhi kuma sanarwa ce ga duk wanda ke bin rahoton, har da masu kula. Hayaniyar da aka gudu ta dawo ta wata ƙofar.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne irin rahotannin da suka rayu da irin waɗanda suka mutu. Roƙon a ƙara launin duhu a fuskar manhajar, mai magoya baya da yawa, bai taɓa kusantar rufewa ba, domin kullum akwai mai leƙowa. Kuskuren da ke samun mutum ɗaya cikin dubu, wanda mai rahotonsa ya rubuta komai tsaf tun ranar farko har babu abin da zai ƙara, shi ya fi saurin mutuwa. Cikakken rahoto ba ya jawo tambaya, rashin tambaya kuma shi ne shirun da bot ke ƙirgawa.

A wata na 4 aka rufe wani faci da wata sabuwar mai ba da gudummawa ta turo. Ta yi duk abin da aka nema a takardar ƙa'idoji, ta haɗa da gwaji, tana jiran wani cikin ukun ya duba. Babu wanda ya duba. Saƙon da ta fara samu daga aikin shi ne na bot, yana sanar da ita cewa za a rufe saboda rashin motsi. Ta rubuta layi ɗaya cewa ita ke jira, ba ita ake jira ba. Wannan ya sayo mata wasu kwana 60, su ma suka wuce haka nan. Karo na biyu ba ta ce komai ba.

## Wata na 6: gyaran fuska

Na uku ya kai maganar facin gaban sauran, aka yi canji biyu. Aka tsawaita wa'adin zuwa kwana 180, aka kuma ware wani tambari, "an tabbatar", wanda bot ba zai taɓa duk rahoton da ke ɗauke da shi ba.

A takarda wannan ya yi daidai. A aikace, kafin rahoto ya samu tambarin sai wani ya karanta shi ya gwada, kuma rashin mai yin hakan shi ne asalin ciwon. Bayan wata biyu, rahotanni kusan 40 kawai ke da tambarin, yawancinsu waɗanda masu kula suka rubuta da kansu. Sauran suna kan layin rufewa kamar da, sai dai layin ya ƙara tsawo.

## Wata na 8: rahoton da ya dawo

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wani mai amfani ya rubuto cewa faifansa ya mutu, ya je dawo da fayilolinsa, ya tarar ɗaruruwa babu su. Duk waɗanda suka ɓace suna da harafi mai alama a sunansu, irin é na Faransanci. Bai yi zagi ba. Ya tambaya ne kawai ko akwai hanyar ceto su. Babu.

Ga yadda kuskuren yake. A Unicode, tsarin da kwamfutoci ke bi wajen ajiye haruffa, ana iya rubuta é ta hanya biyu: a matsayin harafi guda, ko a matsayin e da alama daban da ke hawa kansa. A ido ɗaya suke, a wurin kwamfuta ba ɗaya ba ne. Tsarin faifai na HFS+, wanda kwamfutocin Mac suka daɗe suna amfani da shi kafin APFS ya zo a 2017, yana ajiye sunayen fayiloli a rarrabe, e daban alama daban. Linux kuwa ba ya taɓa sunan, yadda aka ba shi haka yake ajiyewa. Manhajar tana rubuta sunaye a kundinta da sigar harafi guda, amma kwafin da ke kan saba yana ɗauke da sunan a rarrabe. Lokacin da take share tsofaffin kwafi don rage cunkoso, takan kwatanta kundin da abin da ke kan saba, duk fayil ɗin da ba ta ga sunansa a kundi ba ta ɗauke shi marar amfani ta goge. Ba ta nuna wani gargaɗi, domin a ganinta aikinta take yi.

Da na uku ya bincika cikin rufaffun rahotanni, sai ya ga an riga an faɗa musu, ba sau ɗaya ba. Rahoton farko ya girmi bot ɗin da wata 14. Mai shi ya ba da sigar manhajar, irin faifansa, matakai biyar da za a bi, da bayanan da manhajar ta rubuta yayin sharar. Har ya yi hasashen cewa matsalar daga yadda ake rubuta harafin take. Babu ɗaya cikin masu kula da ke da Mac, kowa ya bar wa wani, ba a amsa ba. Bot ya rufe shi a wata na 1. A wata na 2 wani ya kawo irin wannan ƙorafi a gajarce, aka rufe a wata na 4. A wata na 3 wani ya sake kawowa, aka rufe a wata na 5.

Dole a faɗi gaskiya a nan: ba bot ne ya haifi kuskuren ba, kuma rahoton ya yi wata 14 a buɗe babu wanda ya kula shi. Buɗewa kaɗai ba ta gyara komai ba. Amma rufewar ta yi nata aikin. Idan ka shiga jerin rahotanni a GitHub, buɗaɗɗu kawai yake nuna maka sai idan ka canza tacewar da kanka. Masu rahoto biyun da suka zo daga baya sun duba, ba su ga kowa da irin matsalarsu ba, kowanne ya buɗe sabo da bayanin da bai kai na farko ba. Da sun tarar da shi a buɗe, da shaidar mutum uku ta taru a wuri guda, kuma rahoton asarar fayiloli mai mutum uku ba ya kama da na mutum ɗaya. Ga wanda ya ci karo da rufaffen ma, kalmar "an rufe" tana nuna kamar an gama da shi.

Gyaran bai kai layi 30 ba. Jagorar ta yi shi cikin dare biyu, da matakan da mai rahoton farko ya rubuta.

## Wata na 9: karatun rahoto 100

Aka dakatar da bot ɗin. Na biyu ya ce kada a yanke hukunci da lamari ɗaya, komai zafinsa, kuma yana da gaskiya. Sai jagorar ta ɗebo rahoto 100 cikin waɗanda bot ya rufe, ba tare da zaɓe ba, ta karanta su da tambaya ɗaya: kafin shirun ya fara, wa ake jira?

A 31, wani mai kula ya nemi ƙarin bayani, mai rahoto bai dawo ba. A 22, matsalar ta shafi sigar da aka daina tallafawa, ko an riga an gyara ta ba a sani ba. A 19, roƙon sabon abu ne ko tambaya. Sauran 28 rahotannin kuskure ne da babu mai kula ko ɗaya da ya taɓa cewa uffan a kansu. Ta gwada 10 daga cikin 28 ɗin a sabuwar siga, 6 suna nan daram.

Kowane ɓangare ya ga abin da yake so a cikin alƙaluman. Na biyu ya ce ga shi, fiye da kashi biyu cikin uku sun cancanci rufewa ko ba su da wurin zama a jerin tun farko. Na uku ya ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu an hukunta su ne da laifin masu kula. Jagorar ta lura da wani abu dabam: bot ɗin ba shi da hanyar bambance 31 na farko da 28 na ƙarshe, alhali bambancin a bayyane yake ga duk wanda ya duba wa ya yi magana a ƙarshe.

## Wata na 10: sabon tsari

Ba a kori bot ɗin ba, an rage masa iko. Yanzu yana aiki ne kawai a kan rahoton da mutum ya buga wa tambarin "ana jiran mai rahoto", kuma ba a buga tambarin sai an yi takamaimiyar tambaya: wace siga, wane tsarin faifai, turo bayanan aiki. Idan kwana 30 suka wuce babu amsa, ya rufe da saƙon da ke cewa an rufe ne don ba a samu bayanin ba, kuma duk wanda ke da shi zai iya turowa a sake buɗewa. Wannan ya yi kama da abin da Launchpad, shafin da Ubuntu, wani nau'in Linux, ke karɓar rahotanni, ya daɗe yana yi: rahoton da aka ce bai cika ba shi ke ƙarewa bayan kwana 60 na shiru. An cire faci gaba ɗaya daga hannun bot.

Don tsofaffin sigogi suka ari dabarar Fedora, wani nau'in Linux ɗin, inda kowace siga ke samun tallafi na kusan wata 13, idan wa'adinta ya zo a gargaɗi masu rahoto, wanda matsalarsa ke nan a sabuwar siga ya faɗa, sauran a rufe. Dalilin rufewa a nan abu ne da ya faru da manhajar, ba tsawon shiru ba. Suka yi haka sau ɗaya, lokacin da suka daina tallafa wa babbar sigar da ta gabata.

Roƙon sababbin abubuwa da tambayoyi aka mayar da su sashen tattaunawa na GitHub. Abin da suka san ba za su taɓa yi ba kuma suka fara rufe shi da hannu, da jimla ɗaya ko biyu ta dalili, suna amfani da zaɓin "ba a shirya yi ba" da GitHub ta ƙara a 2022 don bambanta shi da abin da aka kammala. Wannan ya fi komai wuya ga jagorar. Ta yarda daga baya cewa rabin abin da ya sa ta so bot tun farko shi ne ya ce a'a a madadinta.

Sai aikin da babu na'urar da za ta ɗauke musu: amsar farko. Suka raba makonni, kowa da nasa. Mai mako ba gyara ake nema daga gare shi ba, ya karanta sababbin rahotanni kawai, ya sa kowanne a ɗaya daga cikin gida huɗu: an tabbatar, ana jiran mai rahoto, maimaici ne, ko ba za a yi ba. Duk abin da ya ambaci ɓacewar fayil yana samun jan tambari nan take, ko an iya gwada shi ko ba a iya ba. Suka sa fom mai tilasta cike siga da tsarin kwamfuta kafin a tura rahoto. Suka kuma daina kallon jimillar buɗaɗɗun rahotanni, suka koma kallon adadin waɗanda ba a amsa ba.

## Wata na 11 zuwa na 18

Ba komai ya tafi daidai ba. Fom ɗin ya rage rahotannin layi ɗaya, amma wasu suna cike gurabe da ɗigo don su wuce. A wata na 13 na uku ya samu sabon aiki ya ja baya, rabon makonni ya rushe, rahotannin da ba a amsa ba suka taru har kusan 50 kafin a samu mafita. Mafitar ta zo ne daga masu amfani biyu da suka daɗe suna amsa tambayoyin wasu. Aka ba su matsayin tantancewa, wanda a GitHub ke ba mutum damar buga tambari da rufe rahoto ba tare da ikon taɓa rubutun manhajar ba. Ɗaya daga cikinsu yana da Mac.

Ba a sake buɗe duk abin da bot ya rufe ba, babu mai lokacin hakan. An binciko waɗanda suka ambaci gogewa, ɓacewa ko lalacewar fayil, aka buɗe 23. Sauran suna nan a rufe, kuma tabbas akwai kurakurai masu rai a cikinsu.

A wata na 18 rahotannin da ke buɗe sun kai kusan 310, sun kusa ninka abin da aka gani a wata na 2. Waɗanda ba a amsa ba ba su cika wuce 10 ba. Bot yana rufe 'yan kaɗan a wata, kuma kusan babu mai ƙorafi a kansu. Sharhin "har yanzu tana nan" ya ɓace, tunda babu agogon da ake tsoro.

## Hukunci

A ganina na biyu ya yi daidai a abu ɗaya da masu sukar bot ke yawan tsallakewa. Babu wanda ke bin ɗan sa-kai bashin gyara, kuma jerin da ya fi ƙarfin mai shi yana iya kashe aikin gaba ɗaya ta hanyar korar mutumin da ke riƙe da shi. Jagorar ta kusa barin manhajar kafin wata na 1, kuma sauƙin watanni biyun farko ne ya tsayar da ita. Wanda zai ce kada a taɓa rufe komai sai ya faɗi wa zai zauna da tulin.

Inda tsarin farko ya kuskure shi ne abin da ya auna. Kwana 60 na shiru ba su gaya maka ko kuskuren na nan, ba su gaya maka girmansa ba, ba su ma gaya maka wa ya yi shirun ba. A wannan aikin, kashi mai yawa na shirun na masu kula ne, amma mai rahoto aka aika wa takardar gargaɗi. Tsawaita wa'adi zuwa kwana 180 bai taɓa wannan ba, shi ya sa bai yi aiki ba. Abin da ya yi aiki shi ne ɗaura agogon a kan tambayar da aka yi ba a amsa ba, da ɗaura sauran rufewar a kan dalilin da mutum zai iya faɗa da bakinsa: sigar ta mutu, ko ba za mu yi ba. Kuɗin da aka biya shi ne kusan awa ɗaya a mako na karatu, da haƙurin ganin babban adadi a saman shafi.

Nau'in manhajar ma ya yi tasiri. Kuskure a manhajar ajiye kwafi ba ya bayyana sai ranar da aka fi buƙatarta, don haka rahoton da ya yi shekara shiru na iya zama mafi haɗari a jerin. Aikin da kurakuransa ke fitowa fili nan take, ko wanda ke canzawa da sauri har rahoton bara ya zama tarihi, zai iya jure gajeren wa'adi fiye da wannan. Na biyu har yanzu yana ganin da an bar bot ɗin a kan roƙon sababbin abubuwa da ba a yi asara ba, kuma ban ga abin da ke cikin alƙaluman wata na 9 da ya ƙaryata shi ba.

Facin da aka rufe a wata na 4 an dawo da shi a wata na 12. Ya riga ya saɓa da sabon rubutun manhajar, sai da jagorar ta sake gyara shi da kanta, ta shigar da sunan mai shi a jerin masu gudummawa, ta kuma rubuta mata ban haƙuri a ƙarƙashinsa. Har zuwa wata na 18 ba ta amsa ba, ba ta kuma sake turo wani facin ba.